Makaɗan baroque a Turai: ƙwarewa mai tsada, aiki marar tabbas

A 2017, ƙungiyar makaɗa ta European Union Baroque Orchestra ta sanar da cewa za ta tashi daga Ingila, inda take tun kafuwarta a 1985, ta koma birnin Antwerp na Beljiyam. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ce ta jawo haka. Lamarin ya fito da yadda abincin waɗannan makaɗa ya rataya a wuyan 'yan siyasa.

Baroque shi ne salon kiɗan Turai na tsakanin 1600 da 1750, zamanin Bach da Handel da Vivaldi. Masu raya shi a yau suna amfani da kayan kiɗa irin na wancan lokaci, kamar goge mai tsirkiyar hanjin dabba maimakon ta ƙarfe. Sukan shafe shekaru suna ƙarin karatu a makarantu irin su Schola Cantorum Basiliensis, wadda aka kafa a birnin Basel na Suwizalan a 1933.

Sai dai wannan ƙwarewa ba kasafai take kawo albashi ba. Nikolaus Harnoncourt, ɗaya daga jagororin fagen, ya kafa ƙungiyarsa a Vienna a 1953, amma bai bar aikin albashinsa a babbar ƙungiyar makaɗan birnin ba sai a 1969. Har yanzu akasarinsu aikin kwangila suke yi: a kira su atisaye da wasa na 'yan kwanaki, a sallame su, su tsallaka wata ƙasa neman na gaba.

A nan ne dokokin ƙasashe suke tasiri. A Faransa, makaɗin da ya cika awa 507 na aiki cikin wata 12 yana da haƙƙin alawus a kwanakin da ba shi da aiki. Takwaransa na Birtaniya ba shi da irin wannan kariya, kuma yanzu zamansa a yankin Schengen ba tare da biza ba bai wuce kwana 90 cikin kowane 180 ba, ban da izinin aiki da ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Matasa ne abin ya fi shafa. Fitaccen makaɗi yana da wakilin da zai nema masa takardu. Sabon shiga kuwa, idan ɗaukarsa ta zama ɗawainiya, sai a kira wanda fasfonsa ba ya buƙatar komai.