Rabon Aiki Tsakanin Liman da Mataimakansa a Masallatan Ƙasar Hausa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa limanci, duk da girman da jama'a ke ba shi, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Tun zamanin Manzon Allah (S.A.W.) aka raba hidimar masallaci: Bilal da Ibn Ummi Maktum suna kiran salla, kuma a jinyarsa ta ajali, cikin shekara ta 11 bayan Hijira, Sayyidina Abubakar ya umarta ya ja mutane salla.

A ƙasar Hausa wannan rabo ya tsaya bisa mutum uku: liman, da na'ibi, da ladan. Amma in an lura da kyau, fikihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ya shigar da su kansu mamu cikin aikin. Idan alwalar liman ta warware a tsakiyar salla, sai ya jawo wani daga cikin waɗanda ke bayansa ya ƙarasa da jama'a; wannan shi ake kira istihlafi. Idan ya yi rafkanuwa, a yi masa tasbihi. Idan aya ta kakare masa, mahaddaci ya tuna masa. Dalili ke nan da ya sa ake so masu ilimi da hankali su tsaya daidai bayan liman, ba masu hannu da shuni ba, ko da yake abin da ido ke gani a masallatai da dama ya saɓa wa haka.

Tafsirin watan azumi ya ƙara fito da wannan ma'ana fili. Mai fassara, kome zurfin iliminsa, ba ya zama shi kaɗai. Sai da alaramma mai jan baki a gefensa, wannan ya karanto aya, wancan ya warware ta. Haka Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya riƙa yi a Masallacin Sarkin Musulmi Bello na Kaduna.

Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, masallatan Juma'a sun ƙaru, kwamitocin masallaci kuma suka yawaita, suna riƙe kuɗi da gini. A ganina wannan ya rage wa liman nauyi. Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne na'ibanci, domin sau da yawa akan ba da shi don zumunta, ko a bar gurbin babu kowa. Na taɓa zama a wata unguwa inda liman ya shekara fiye da talatin bai yarda wani ya hau mumbarinsa ba. Da Allah Ya karɓi ransa, ba a yi sadakar arba'in ba sai da jama'a ta dare biyu, ɗansa da ladan kowa da mabiyansa, har ta kai ga an kulle masallacin an kai mabuɗi gaban hakimi.