Ƙwallon Lahadi a Ingila: Iyakar wasan sha'awa da abin da dokar biza ta tanada

Duk safiyar Lahadi, daga watan Satumba zuwa wajajen ƙarshen Afrilu, ɗaruruwan mutane kan yi sammako zuwa filayen Hackney da ke gabashin birnin Landan, kowa da jakar takalmansa a kafaɗa. Makeken wuri ne da ya ƙunshi filayen wasa kimanin 80 a jere, mafi yawansu na ƙwallon ƙafa. Babu tikitin shiga, babu kujerun 'yan kallo, kuma galibi 'yan wasan da kansu ke ɗaura raga kafin alƙali ya busa usur. Cikinsu akwai direbobin bas, da ma'aikatan jinya, da magina, da ɗaliban jami'a.

Wannan shi ne abin da mutanen Ingila ke kira gasar Lahadi, kuma kusan babu garin da ba a yin ta. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, FA, ta amince da ita a hukumance a shekarar 1960, bayan an daɗe ana buga ta ba da yardar hukumar ba. Matashin da ya tashi yana buga ƙwallon yamma a filin firamare a Kano ko Jos ko Zariya, idan karatu ko ziyara ta kai shi Birtaniya, yawanci nan ce ƙofar farko da zai tarar a buɗe. Ƙofa ce mai amfani, amma tana da sharuɗɗan da ba wanda zai karanta masa a filin jirgi, kuma rashin saninsu na iya jawo masa asarar izinin zamansa a ƙasar.

Abin da kan fara ba baƙo mamaki shi ne, a wannan gasa ɗan wasa ne ke biya. Kowa na ajiye 'yan fam kaɗan a kowane wasa, da su ake biyan hayar fili da ladan alƙali da wankin riguna. Wanda aka ɗaga wa katin gargaɗi ko jan kati zai ga takardar tara daga reshen hukumar na yankinsa, kuma idan ya ƙi biya za a dakatar da shi. Ga sanyi, ga ruwan sama, ga laka. Wanda ya saba da busasshiyar ƙasar Arewa sai ya sake koyon tsayuwa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ɗalibai kuma suna da tasu hanyar daban, domin jami'o'in Birtaniya da dama na keɓe yammacin Laraba don wasannin da ake yi tsakaninsu.

Ribar ba ta kuɗi ba ce. Mutumin da ya kwashe mako guda tsakanin aji da ɗakin kwana da wurin aikin dare, bai yi hira da kowa ba sai ta waya, a filin ne zai samu mutum goma sha ɗaya da suka san sunansa, waɗanda za su neme shi idan ba su gan shi ba. A nan ake jin labarin ɗakin haya mai sauƙi da gurbin aiki, a nan kuma kunne ke sabawa da Turancin kan titi, wanda ya sha bamban da na littafi. Al'adar ƙungiyoyi da yawa ita ce a wuce mashaya bayan wasa, lamarin da kan takura matashi Musulmi. Sai dai a garuruwa irin su Landan da Birmingham da Bradford akwai ƙungiyoyin da mafi yawan 'yan wasansu Musulmi ne, saboda haka mai neman inda zai saki jiki ba zai rasa ba.

Matsalar tana farawa ne daga ma'anar ɗan wasan sha'awa, domin ma'anoni biyu ne, kuma ba su yi daidai da juna ba.

Ta farko ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya ce, FIFA. A ƙa'idarta, ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda ke da rubutacciyar yarjejeniya da ƙungiya, kuma ake biyansa fiye da abin da yake kashewa a kan wasan. Duk wanda bai cika waɗannan biyu ba, ɗan wasan sha'awa ne. Ma'ana ce mai sauƙi, ita ce kuma yawancin matasanmu ke riƙe da ita a zuci: tunda ba a biya na, ni ba ƙwararre ba ne.

Ta biyu ta ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ce, wadda ke bayar da biza, kuma ta fi ta farko faɗi nesa ba kusa ba. A dokokin shige da fice na ƙasar, ana iya ɗaukar mutum a matsayin ƙwararren ɗan wasa ko ana biyansa ko ba a biyansa. Daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai ko ya yi rajista da ƙungiyar ƙwararru, ko ta masu karɓar ɗan albashi, a cikin shekaru 4 da suka wuce. Ko ya wakilci ƙasarsa ko jiharsa, tun daga rukunin 'yan ƙasa da shekara 17, a cikin shekaru 2 da suka wuce. Ko kuma ya ɗauki wakili domin ya nemo masa ƙungiya. Ɗan wasan sha'awa a wurinsu shi ne mai wasa don jin daɗin kansa kawai, wanda ba ya neman mayar da wasan hanyar cin abinci. Wato ba aljihu kaɗai ake dubawa ba, har da tarihi da niyya.

Muhimmancin wannan shi ne bizar ɗalibi, wadda ta yarje wa mai karatun digiri ya yi aikin sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu, ta haramta masa aiki a matsayin ƙwararren ɗan wasa ko mai horarwa. Bizar ziyara, mai wa'adin watanni 6, ba ta yarda da aiki ba tun asali. Dokar ta bar wa ɗalibin jami'a sararin yin wasa na sha'awa, amma a daidai lokacin da wata ƙungiyar ranar Asabar ta ga ƙafarsa, ta ce ya zo za a riƙa ba shi fam 50 a ambulan bayan kowane wasa, ya kusanci ramin da bai gani ba. Kuɗin ba su kai na cefanen mako ba, amma karya sharaɗin biza na iya kai ga soke ta, da umartar mutum ya bar ƙasar, da ƙin karɓar buƙatarsa idan ya sake nema. Iyalin da suka sayar da fili suka biya kuɗin makaranta su ne za su ɗauki asarar. Kowace jami'a tana da ofishin ba ɗaliban ƙasashen waje shawara kan shige da fice, kyauta, kuma can ya kamata a fara zuwa kafin a sa hannu a kowace takarda, musamman ga wanda ya taɓa bugawa a rukunonin gasar Najeriya ko ya wakilci jiharsa.

Akwai kuma wata takarda da ake yawan mantawa da ita. Duk ɗan wasan da ya kai shekara 10, wanda ke da rajista a hukumar wata ƙasa, ba za a yi masa rajista a wata ba sai da takardar izinin sauyin sheƙa ta ƙasa da ƙasa. Wannan bai tsaya kan taurari ba, ya shafi har ƙungiyar unguwa. Sakataren ƙungiyar ne zai nema ta hannun FA, ita kuma ta tuntuɓi Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya. Ƙungiyar da ta saka ɗan wasa ba tare da ita ba na iya rasa maki, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne baƙo ya zama sanadin haka. Ga 'yan ƙasa da shekara 18 kuwa, FIFA ta hana sauyin sheƙa tsakanin ƙasashe sai da wasu 'yan dalilai, misali idan iyaye ne suka ƙaura bisa dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa, lokacin da ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin a ba shi damar buga wasa.

To, me ya sa matasa ke ci gaba da kallon waɗannan filaye a matsayin tsani? Saboda labarai biyu ko uku da kowa ya haddace. Ian Wright yana buga ƙwallon Lahadi har ya kusa cika shekara 22, kafin Crystal Palace ta ɗauke shi a 1985, daga baya ya ci wa Arsenal ƙwallo 185. Jamie Vardy, wanda Sheffield Wednesday ta sallama yana ɗan shekara 16, ya yi aiki a masana'anta yana bugawa ƙaramar ƙungiyar Stocksbridge, daga baya Leicester ta saye shi a kan fam miliyan 1 a 2012, ya kuma ɗaga kofin Firimiya da ita a 2016, shekarar da Ahmed Musa ya same shi a can. Labaran gaskiya ne. Abin da masu ba da su kan tsallake shi ne, dukansu biyu haifaffun Ingila ne, ba wanda ya taɓa tambayar su biza. Ɗan Najeriyar da ke son buga ƙwallon sana'a a Ingila na buƙatar bizar 'yan wasa ta musamman, wadda ba a samu sai da amincewar FA, bisa makin da ake lissafawa daga wasannin da ya buga wa ƙasarsa da darajar gasar da ya fito. Ƙungiyar unguwa ba ta da ikon ɗaukar nauyin irin wannan biza, komai ƙaunar da take yi wa ɗan wasa.

A wannan giɓi ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Sukan zo da takardar gayyata mai ɗauke da tambarin ƙungiya, su nemi kuɗin gwaji da na biza da na masauki, su tura yaro da bizar ziyara, ya sauka ya tarar ba wanda ke jiransa. Ƙa'idar FIFA ta yanzu a kan gwaji a bayyane take: dole ƙungiya da ɗan wasa su cike takardar gwaji a shigar da ita cikin tsarin hukumar, wa'adin bai wuce makonni 8 a kakar wasa ba ga mai shekara 21 zuwa ƙasa, makonni 3 ga wanda ya haura haka, sannan an haramta nema ko karɓar kuɗi a kan gwajin. Duk wanda ya ce a biya shi domin ƙungiya ta duba ƙafar yaro, ya riga ya saɓa wa ƙa'idar tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Saura batun rauni, wanda a filayen Lahadi ba baƙo ba ne, ganin yadda ake shiga da ƙarfi a kan laka, ba tare da likita a gefen fili ba. Ɗalibi ya riga ya biya kuɗin kiwon lafiya tare da bizarsa, saboda haka asibitocin gwamnati za su duba shi kamar kowa. Mai bizar ziyara ba haka yake ba. A Ingila sashen gaggawa zai karɓe shi kyauta, amma da zarar an kwantar da shi ko an shiga da shi tiyata, za a caje shi kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma bashin asibitin da ba a biya ba na iya zama dalilin hana shi biza a gaba. Inshorar tafiya ma sai an karanta ta da kyau, domin ba kowacce ce ke biyan raunin da aka samu a wasan gasa ba.