Auna Jinkirin Haske: Ganin Ƙwayar Halitta Ba Tare da Rini Ba

A ɗakunan gwaje-gwaje na Abuja, daga Asibitin Ƙasa har Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, idan za a duba jini a madubin likita don neman zazzaɓin cizon sauro, sai a shafa ɗigon jinin a gilashi, a busar, a zuba masa rinin Giemsa, wanda ake amfani da shi tun 1904. Rinin dole ne, domin yawancin ƙwayoyin halitta garau suke, haske na ratsa su ya wuce. Illarsa ita ce, kafin ido ya ga ƙwayar, ta riga ta mutu.

Amma hasken ba ya wucewa haka nan. Yakan rage gudu a cikin ƙwayar, kamar mai tafiya da ya faɗa cikin rairayi. Ma'aunin karya haske na ruwa 1.33 ne, na jar ƙwayar jini kuwa kusan 1.40. Ido ba ya gane wannan jinkiri. Frits Zernike, ɗan ƙasar Holan, shi ya gano dabarar mai da shi duhu da haske a shekarun 1930, ya kuma samu kyautar Nobel a 1953.

Na'urarsa hoto kawai take nunawa. Na'urorin yau lissafi suke yi. Ana raba hasken leza gida biyu, ɗaya ya bi ta cikin ƙwayar, ɗayan ya kewaye ta, sannan su haɗu a kan kyamara. Daga zanen da haɗuwar ta haifar, kwamfuta ke fitar da jinkirin kowane ɗigo, daga nan a san kaurin ƙwayar da nauyin abin da ke cikinta idan an cire ruwa. A 2008 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa yayin da ƙwayar Plasmodium falciparum, mai haddasa zazzaɓin cizon sauro, ke girma a cikin jar ƙwayar jini, himogulobin na jar ƙwayar yana raguwa, fatarta kuma tana sandarewa.

Sandarewar nan ce ya kamata ta ja hankalinmu, domin irinta ce tushen wahalar masu sikila, kuma Jami'ar Abuja na da cibiyar binciken wannan cuta. Nijeriya ce kuma ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Sai dai Giemsa ba zai yi ritaya da wuri ba. Sabuwar na'urar na da tsada, tana son wuta tsayayya, kuma girgizar janareta kaɗai na iya ɓata awon.