Kafin Ka Biya Kuɗin Filin Kiwo

Jama'a, muna lissafin kaji da abincinsu, mu manta da filin kansa. Araha ba ta ado.

In gonar gado ce, kar ka biya sai duk magada sun sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu. Ɗaya ya ƙi, sai kotu.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Je ma'aikatar ƙasa da safiyo ka tabbatar takardar ta gaske ce, kuma titi ba zai bi ta wurin ba.

Ka ga filin a watan Agusta: inda ruwa ke kwanciya, cuta ba ta barin kaji. Mai kifi kuma ya leƙa rijiyoyin maƙwabta a Afrilu.

In jarinka kaɗan ne, fara da haya.