Bayan Sauka Akwai Tilawa: Abin da Horon Malaman Yoga ke Tuna wa Matasan Kilomita Biyar

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Kasuwar Kilomita Biyar da ke Bangi ya san ba ranar da yaro ya iya taka keke ake miƙa masa shaddar mutane ba. Sai ya daɗe yana guga, yana sa maɓalli, yana kalmasa bakin wando, maigidansa na bin kowane layi da ido. In ɗinki ya karkace a sa shi ya farke ya sake. Ranar da aka ɗora masa almakashi a kan yadin wani, ranar ce aka yarda da hannunsa, kuma babu wata takarda da ke yanke wannan hukunci sai idon maigida. Haka abin yake a wurin makaniki da maƙeri da mai gyaran waya.

Unguwar Kilomita Biyar da ke gunduma ta uku ta birnin, wadda ta samo sunanta daga nisanta da tsakiyar gari, ita ce cibiyar cinikin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Cadi sun daɗe suna kasuwanci a cikinta, tare da maƙwabtansu Kiristoci. Rikicin da ya biyo bayan shigar 'yan tawayen Seleka birnin a watan Maris na 2013, da harin 'yan anti-balaka na ranar 5 ga Disamba na shekarar 2013, ya kori dubban Musulmi zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka takure a cikin unguwar. Ko lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacinta a ranar 30 ga Nuwamba 2015, fita daga unguwar abin tsoro ne ga mazaunanta. Yaƙi bai tsaya ga rushe shaguna ba, ya raba yara da iyayen gidansu na sana'a.

Don cike wannan giɓi ne ƙungiyoyin agaji da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSCA suka riƙa shirya wa matasa gajeren horon sana'a, da nufin raba su da bindiga. Niyya ce mai kyau, kuma ta yi wa mutane rana. Sai dai horon 'yan makonni ko 'yan watanni yakan ƙare da biki da hoto da takardar shaida, daga nan kowa ya kama gabansa. Wa zai duba hannun matashin bayan an watse? Wannan tambaya ta dami wata sana'a da ke nesa da mu ƙwarai, wato koyar da yoga, kuma yadda masu ita suka tunkare ta ya cancanci mu tsaya mu duba.

Sa'o'i ɗari biyu da abin da ke bayansu

Yoga tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Indiya, mai tushe a cikin addinai da falsafar can. Irin wadda ta bazu a duniya a ƙarni na 20 ta fi karkata ga miƙe gaɓoɓi, da riƙe jiki a wani yanayi na ɗan lokaci, da sarrafa numfashi. Mafi yawanta ta fito ne daga hannun Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya koyar a garin Maisur, da almajiransa irin su B.K.S. Iyengar na garin Pune, wanda ya rasu a 2014. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.

A da, mai son koyarwa yakan zauna gaban malami ne shekara da shekaru har malamin ya sallame shi. Da abin ya zama kasuwa a Amurka da Turai, sai masu koyarwa suka yi yawa, ba a san gwani ba, ba a san ɗan koyo ba. A 1999 aka kafa ƙungiyar Yoga Alliance a Amurka, ta tsayar da ma'aunin da ya fi kowanne yaɗuwa a yau: horon sa'o'i 200. Wanda ya zauna sa'a takwas kullum zai cika wannan adadi cikin kwana 25. Shi ya sa makarantu a Rishikesh ta Indiya da tsibirin Bali na Indunusiya ke yaye ɗalibai wata-wata. A cikin waɗannan sa'o'i, 30 kacal aka ware wa sanin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda yake aiki. Ga mutumin da zai riƙa lanƙwasa wuyan jama'a da ƙugunsu, wannan ɗanɗano ne kawai.

Saboda haka makarantu da yawa ba sa miƙa takarda a ranar da aka rufe aji. Sukan bar wa ɗalibi bashi a wuyansa: ya halarci darussan gogaggun malamai ya zauna yana kallo yana rubuta abin da ya gani, ya koyar da wasu darussa a gaban mai duba shi, ya karanta littattafan da aka zaɓa masa ya rubuto bayani a kansu, ya riƙe littafin da yake shigar da atisayensa na kullum. Sai ya sauke wannan duka ake sa masa hannu. Nan ne da yawa ke maƙalewa. A cikin aji akwai ƙararrawa da abokai da malami a tsaye. A gida kuwa babu mai tashinka da asuba sai zuciyarka, ga neman abinci ya dawo sabo.

Ko bayan an karɓi takardar, lissafi bai tsaya ba. Wanda ya yi rajista da ƙungiyar Yoga Alliance, a kowace shekara uku sai ya nuna ya koyar na sa'o'i 45, ya kuma ƙaro karatu na sa'o'i 30. Ba ya samun laƙabin gogaggen malami sai ya tara sa'o'i 1,000 na koyarwa, kuma shekara biyu aƙalla sun wuce da gama horonsa. Mai koyar da darasin sa'a ɗaya sau biyar a mako zai yi kusan shekara huɗu kafin ya kai wannan adadi. A mataki na sama ana neman sa'o'i 2,000 da shekara huɗu. Tsarin yana da rauninsa: rajistar ganin dama ce, ba lasisin gwamnati ba, kuma galibi mutum ne ke shigar da sa'o'insa da kansa. Mabiya Iyengar sun fi tsanani, domin sai ɗalibi ya yi shekaru yana koyo kafin a karɓe shi horon koyarwa, sannan masu jarrabawa su zauna su kalle shi yana koyar da mutane na gaske. Indiya ma ta kafa hukumar tantance malaman yoga a ƙarƙashin ma'aikatarta mai kula da hanyoyin lafiya na gargajiya, wato AYUSH, wadda aka ƙirƙira a 2014.

Dalilin da jiki ya sa aka tsananta

Abin da ya sa ake dagewa a kan aikin bayan horo shi ne jikin mutane bai zama ɗaya ba. A aji, ɗalibi na gwadawa ne a kan 'yan'uwansa matasa masu laushin gaɓoɓi. A waje kuwa zai haɗu da ɗan dako da buhu ya cinye wa baya, da tela mai wuni a sunkuye, da mai kabu-kabu da ramukan hanya suka jijjiga wa ƙugu, da dattijuwa mai ciwon gwiwa. Motsin da zai sauƙaƙa wa wannan zai iya kwantar da wancan.

Likitoci sun san tsayuwar da ke mayar da kai ƙasa tana ƙara matsin ruwan cikin ido, don haka tana da haɗari ga mai ciwon gilakoma, wanda ke makantar da mutum a hankali. Ana kuma gargaɗin mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba game da ita. Mace mai ciki jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓinta sukan yi laushi, in aka matsa mata miƙewa za a iya ji mata ciwo ba ta ankara ba. Tsohon da ƙashinsa ya yi rauni bai kamata a tilasta masa sunkuyo mai tsanani ba. A ɗaya ɓangaren kuma amfanin na nan: a 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Numfashi a hankali, musamman tsawaita fitar da iska, yana rage saurin bugun zuciya ta hanyar jijiyar da ke sa jiki ya natsu.

A wuri irin Kilomita Biyar akwai ƙarin nauyi. Mutumin da ya kwana yana jin harbi, ko ya ga abin da baki ba ya iya faɗa, zai iya firgita in aka ce ya rufe ido a cikin baƙi, ko aka dafa shi ta baya ba sanarwa. Gane irin wannan a fuskar mutum kafin ya yi magana ba ya samuwa cikin kwana 25. Sai an tsaya gaban mutane ɗari, an yi kuskure, wani babba ya gyara.

Akwai misali a nahiyarmu. A 2007 aka kafa Africa Yoga Project a Nairobi, don matasan unguwannin talakawa irin su Kibera. Bayan horon farko, ba a sakin matashi haka nan. Yakan ci gaba a ƙarƙashin kulawa, yana koyarwa kyauta a unguwarsu da makarantu da gidajen yari, ana ba shi ɗan abin sawa a aljihu har hannunsa ya faɗa. Ƙarfin shirin yana cikin wannan zaman na baya.

Ga mai karatu Musulmi, dole a taɓo batun addini. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ambaton bauta, a 2009 kuma majalisar malaman Indunusiya ta hana wadda ke ɗauke da irin wannan, ta bar ƙofa ga motsa jiki zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasa a 2017. Hukunci na malamai ne, kuma kowa ya koma ga malaminsa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne tsarin raino, wanda ya hau kan mai horar da 'yan ƙwallo da mai koyar da dambe da ungozoma kamar yadda ya hau kan malamin yoga.

Abin da muke da shi tun kaka da kakanni

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. A makarantar allo, daga Kano zuwa Maraɗi har zuwa zangunan Hausawa na Bangi, ranar sauka ranar farin ciki ce: a yi wa allo zayyana, a yanka abin yankawa, a raba sadaka. Amma babu wanda ke kiran mai sabuwar sauka alaramma. Sai ya koma farko ya yi ta tilawa, ya shiga harda, ya riƙa rubuta allonsa yana kai wa darasu, inda malami zai bi shi harafi-harafi da wasali-wasali a gaban sauran gardawa. Kafin a kai ga sunan gwani, shekaru sun tafi, an ci gyara ba adadi. Yana cikin haka kuma ana ba shi ƙananan yara yana biya musu, malam na jin sa daga gefe. Darajar abin da ake karantawa a tsangaya ba ta haɗuwa da ta komai, amma hikimar tarbiyyar a bayyane take: biki daban, ƙwarewa daban, kuma tsakaninsu akwai maimaici da idon na gaba.

Abin da Turawa suka ƙara a kai shi ne ƙidaya da rubutu. Abin da muke da shi wanda su suke nema kuwa shi ne maigida mai rai, wanda sunansa ke ɓaci in yaronsa ya ɓata aiki. Haɗa biyun ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Duk ƙungiyar da za ta horar da matasa a unguwar, ta ware wani kaso na kuɗin shirin don watannin bayan horo, ta damƙa kowane ɗalibi ga wani tsohon hannu a kasuwa, ta riƙa biyan maigidan ladan kulawa. A ba ɗalibin ɗan littafi da za a riƙa rubuta aikin da ya yi da ranar da ya yi shi, maigida na sa hannu. Takardar shaida ta jira har littafin ya cika. Shugabannin 'yan kasuwa da limamai da fastoci, waɗanda suka san kowa da gidansu, su ne suka fi dacewa su zama shaidu.

Kai kuma ɗan'uwa da ka riga ka karɓi taka takardar, ka adana ta, domin guminka ce. Sannan ka nemi wanda ya riga ka a sana'ar ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙi ya riƙa duba aikinka ko da sau ɗaya a mako. Ka sa wa kanka adadin da za ka cika kafin ka fara karɓar kuɗin mutane da sunan gwani, ka sayi littafi na sefa kaɗan ka fara rubutawa daga aikin gobe. In an farke maka ɗinki kada ranka ya ɓaci, shi ma maigidan haka aka yi masa kafin a ba shi almakashi.