A cikin duhun kogwannin dajin Yankari

Masu iya magana sun ce abin da ya koro ɓera har ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a bakin ɗaya daga cikin kogwannin dutsen da ke tsakiyar dajin Yankari, a jihar Bauci ta Tarayyar Najeriya, ya leƙa duhun da ke ciki, wannan karin magana ne zai fara faɗo masa a rai. Domin kuwa ba ruwa ne ya ƙwaƙule ramukan nan ba, ba kuma kura ba ce. Ɗan Adam ne ya sassaƙe su da hannunsa, ya mai da su makwanci.

Mutumin Gaya ɗan hanya ne tun kaka da kakanni. Ya san kogin Kwara, ya san kasuwar Malanbil da ta Kamba, ya san kowane shingen duwan daga nan har Kwatano. Amma in aka yi masa zancen kogo, sai ya ja da baya. A wurin Bahaushe, kogo gidan kura ne da beguwa, in ma ba a ce na mutanen ɓoye ba, kuma babu mai cusa kansa ciki sai maharbi ko gardi. Ga shi kuwa wasu kogwannin suna ɗauke da labarin da ya shafi fatauci kai tsaye.

Daga Gaya zuwa Yankari tafiya ce ta fiye da kilomita 1.000. A ƙetara iyaka a Kamba, a bi ta Birnin Kabi da Sakkwato da Gusau da Zariya da Jos, kana a sauka Bauci. A shekarun nan ba a bin yankin Gusau da dare, saboda ƴan bindiga masu tare hanya. Daga Bauci sai a ɗauki hanyar Gwambe, a ratse a Dindima, a shiga gandun ta ƙofar Mainamaji. Tsakanin birnin da sansanin Wikki, inda baƙi ke sauka, akwai wajen kilomita 110. An keɓe dajin ne a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar. Faɗinsa murabba'in kilomita 2.244 ne. Yawancin baƙi giwa da ɓauna da gwanki suke zuwa kallo, su yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki wadda ɗuminta ba ya barin maki 31 rani da damina, su kori birai masu wawashe musu abinci, su koma gida. Kaɗan ne ke tambayar hanyar kogwanni.

Hanyar ba ta da tsawo daga sansanin, ƴan kilomitoci ne, amma ba a bin ta sai da ma'aikacin gandun daji. In mota ta tsaya, sauran na ƙafa ne, cikin ciyawa da cizon ƙudan tsando, har a iso gindin wani gangaren dutsen yashi. A jikinsa ne ramukan suke, guda 59. Daga nesa sai mutum ya ɗauka sheƙar tsuntsaye ce. Bakin kowane ɗaya zagayayye ne, faɗinsa bai wuce rabin mita ba, wato kamu ɗaya ke nan na mai awon yadi.

Babu wanda ke shiga irin wannan ƙofa da girman kai. Sai an tuɓe babbar riga, an ajiye hula, an durƙusa, kai ya riga gangar jiki. A nan ne duhun yake kama mutum, domin jikinsa da kansa ne ke toshe ɗan hasken da ke shigowa. Na ɗan lokaci ido ba shi da amfani. Tafin hannu ne ke lalube, hanci yana shaƙar sanyin dutse da ƙura, kunne kuma ba ya jin komai sai numfashin mai shi. In an kunna tocila sai ɗakin ya bayyana: kewayayye kamar cikin tulu, wani ƙarami ne da bai fi mutum ɗaya ya naɗe ƙafa ba, wani kuwa faɗinsa ya kai wajen mita 4. A jikin dutsen akwai zane-zanen da aka karta, wasu layuka ne miƙaƙƙu, wasu masu lanƙwasa kamar haƙoran zarto.

Wanda ya zauna ciki ya juyo yana fuskantar ƙofa, nan take zai gane dabarar masu aikin. Doki ba ya hawa wurin. Maharin da ya nace sai ya shigo da rarrafe, shi kaɗai, kansa a gaba, idonsa cike da hasken rana, alhali na ciki yana ganin sa sarai. Tsohuwa mai taɓarya ma ta isa ta tsare irin wannan ƙofa. Wannan ya sa masu bincike suka fi karkata ga cewa mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi.

Sunan da aka laƙaba wa wurin shi ne kogwannin Marshall, saboda wani Bature mai bincike, P. J. Marshall, da ya bayyana su a 1980. Aikinsa abin yabo ne, amma abin da ɗan ciwo a ce sunan baƙon da ya zo kallo ne ya zauna, na waɗanda suka farfasa dutsen kuwa ya bi iska. Dajin da ake gani kamar ba a taɓa zama cikinsa ba, a da cike yake da jama'a. A wurin da ake kira Dukkey akwai rijiyoyi fiye da 130 da aka haƙa kusa da juna, ana kuma danganta su da zangon masu safarar bayi. A Shau Shau da Ampara kuwa har yanzu ga ragowar matoyan tama na maƙeran da, a tsaye.

To, ina ruwan Gaya da wannan? Ruwanta na nan. Shekaru aru-aru ayarin fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ƙetare Kwara a ƙasar Dandi, ta wajen Gaya da Illo, su ratsa Bargu, wasu su bi ta Sansanen Mango, har Salaga ta ƙasar Gwanja. Jakunansu na ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, amma ba a ɓoye yake ba cewa cikin hajar da aka yi musaya da goro har da mutane. A arewacin Togo ta yau, kusa da Dapaong, akwai kogwannin Nok (ba Nok ta jihar Kaduna ba) a jikin wani dogon gangaren dutse, inda al'ummar Moba ke ɓuya daga mahara tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Rumbunan laka fiye da 100 da suka gina a ciki suna nan, kuma sai da tsanin ƙarfe mai ziyara ke sauka wurin yanzu. Hanyar da ta azurta wasu garuruwa, ita ce ta kori wasu zuwa cikin dutse. Ba kasafai ake jin wannan ɓangare ba in ana tuna bajintar madugai.

Direbobin manyan motoci da suka saba da hanyar Kwatano, kafin rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, sun sha wuce irin wannan wuri ba su sani ba. A Agongointo, gefen Bohicon, a watan Fabrairun 1998 wata motar gyaran hanya ta rufta cikin rami, sai ga ɗakuna 52 da aka haƙa har zurfin wajen mita 10 a ƙarƙashin ƙasa, maɓoyar mayaƙa ta zamanin sarakunan Danhome.

Mutane sun fita daga kogwanni, wasu masu gida sun shiga. Kafin a sa hannu cikin kowane rami a dajin ƙasashenmu, sai a tuna da kububuwa da gamsheƙa da kunama, da kuma zuma, wadda ta fi su saurin kai gungun mutane ƙasa. Amma wanda likitoci suka fi sa wa ido shi ne jemage. Busasshen kashinsa in ya tashi da ƙura yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai kama huhu. Akwai kuma abin da ya fi wannan. A kan dutsen Elgon na ƙasar Kenya akwai kogon Kitum, mai zurfin wajen mita 200, wanda giwaye ke shiga da dare suna kankarar gishiri da haurensu. Wani Bafaranshe a 1980, da wani yaro ɗan ƙasar Danmak mai shekara 15 a 1987, sun shiga wannan kogo, kuma dukansu cutar Marburg, ƴar uwar Ebola, ta kashe su. A 2008 wata mata ƴar Holan ta rasu bayan ziyarar wani kogon jemagu a Yuganda. Bincike ya tabbatar da cewa wani jinsin jemage mai cin ƴaƴan itace ne ke ɗauke da ƙwayar. Kada a ce abin na nesa ne: cutar ta ɓulla a Gini a 2021, ta ɓulla a Gana a 2022.

Don haka ƙa'idar masu wannan sha'ani gajeruwa ce. Ba a shiga kogo mutum ɗaya. Wani ya tsaya a waje, wanda ya san lokacin da ya kamata a fito. Tocila biyu, da pil na ajiya. A ɗaure hanci da rawani, a wanke hannu kafin a taɓa abinci, inda kuma jemagu suka yi cincirindo a rufi, a haƙura da shiga. Ba a kunna wuta a ciki, ba a karta suna a bango, ba a ɗauko ko katangar tukunya. Lokacin tafiya shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, ƙafa na ganin inda take takawa.

Abin takaici ga mutumin Gaya shi ne nasa dajin, da ke bakin ƙofarsa, ya fi na Bauci wuyar shiga a yau. Gandun W, wanda aka kafa a 1954, hukumar UNESCO kuma ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, yana da kwazazzabai da duwatsu a gaɓar Tapoa da Mekru da suka isa a yi shekaru ana bincike. Amma masu ɗauke da makamai sun yi sansani a ciki. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyi sun hallaka mutum 9 a ɓangaren Benin, yawancinsu masu tsaron gandun, sannan a Janairun 2025 aka kashe sojojin Benin 28 a kusa da inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, ƴan rakiyar da ke ci daga gare su sun koma neman wata sana'a, mazauna wasu ƙauyukan gefen dajin kuma sun kwashe iyalansu sun nufi manyan garuruwa.