Rezo a Ƙofar Gida, Shiru a Cikin Ɗaki

Bayan sallar isha'i, duk wanda ya ratsa lungunan Bagalam ko Mokoyo a Maraɗi ba zai rasa ganin wani tsaye a ƙofar gida ba, salula a kunne, yana ta "Alo, kana ji na?" Ba shan iska ya fito da shi ba, ɗakinsa ne babu rezo. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wani lokaci matsalar takan soma ne bayan an ga ma'aikata sun hau antenar unguwa sun sauya kaya, aka ce an inganta layi. To, yaya gyaran gangar auzinawa ya shigo harkar tarho?

Tun da Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain, ya zama Airtel a 2010, abubuwa ke ta canzawa. Orange ya zo a 2008, aka sayar da shi a 2019 ya zama Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom suka haɗe a 2016 suka haifi Niger Telecoms, ga kuma Moov Africa. An tashi daga 2G zuwa 3G, aka kai 4G. Sai dai zangon iskar da gwamnati ke ba kowane kamfani ƙayyadadde ne, kamar fegin manomi a gandun noman rani na Djiratawa: in yana son ƙara albasa, sai ya rage wa wani abin wuri. Haka kamfani kan yanki rabon tsohon layi ya ba sabo.

Zangunan kuwa ba halinsu ɗaya ba. Wanda ya taɓa jin tambarin sarauta a Tibiri ya san amonsa kan keto garu ya iske mutum a ƙuryar ɗaki, alhali sarewa ba ta yin nisa haka. Igiyar rediyo ma kusan haka take. Ta megahaz 900, wadda tsawonta ya kai kimanin santimita 33, tana cin nisa tana kuma ratsa bango. Ta 1800 santimita 17 ce, ta 2100 kuwa 14. A waɗannan na sama ake samun faɗin da zai ɗauki intanet mai sauri, amma suna saurin gajiya. In aka ɗauke unguwa daga zangon ƙasa aka mai da ita na sama, mai zama bakin titi zai ga bidiyo na gudu kamar ruwa, mai ɗakin ƙurya kuwa sandunan rezonsa su zube.

Akwai kuma saitin antena. Idan an kafa sabuwa, injiniyoyi kan sunkuyar da kan tsohuwar don kada su riƙa shiga hurumin juna. Ɗan karkatarwa kaɗan ya isa ya bar gidajen da ke gefe a tsakani, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Cunkoso ma na da nasa rabo: a tsarin 3G, da mutane sun yi yawa a kan antena sai da'irarta ta tsuke. Shi ya sa layin da ke tangaran da asuba yakan shaƙe da dare.

Gidajenmu su ma sun canza. Rufin kwano, ɗakin siminti mai cike da rodi, ƙofa da tagar ƙarfe, duk mai da igiya baya suke yi. Katangar ƙasa mai kauri in ta sha ruwan damina tana shanye ta, haka ma ganyen manyan itatuwan gulbi. Ga kuma wuta. Maraɗi na samun lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, kuma lokacin da Najeriya ta katse shi a watan Agustan 2023 kowa ya gane cewa antena ma da batir da gazuwal take rayuwa. In ta mutu, salula kan kama wata mai nisa, wadda ƙarfinta ba ya wuce tsakar gida.

Sai ita kanta salular. An gina 4G ne don intanet. Kira ba ya bi ta kanta sai da fasahar VoLTE, wadda ba kowace waya ke da ita ba. In babu, da kira ya shigo sai wayar ta sauka 3G ko 2G, in kuwa an rage musu ƙarfi, sai a ce da mai kiranka ba a samun ka, ga WhatsApp ɗinka na aiki. Tsohon pis, wato katin layi, ma ba ya hawa 4G sai an sauya shi, kuma wayar da aka ƙera don wata ƙasa tana iya rasa zangon da ake amfani da shi a nan. A Amurka, da manyan kamfanoni suka rufe 3G a 2022, wayoyi masu lafiya da yawa sun tashi daga aiki.

Kafin a ɗora laifi a kan kowa, a gwada. A sa pis ɗin a wata waya. A duba rezo a ɗaki, a tsakar gida, da kan titi. A shiga saiti a tsai da wayar kan 2G ko 3G a ga ko kira zai daidaita. A kuma yi hattara da na'urorin ƙara rezo na kasuwa, don maras kyau takan dagula layin maƙwabta.

In gwaji ya nuna unguwa ce duka, to hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A rubuta sunan unguwa, ranar da abin ya fara da lokacin da ya fi tsanani, a kai ofishin kamfani tare. Sau da yawa ɗaga kan antena kaɗan ke warware matsalar. In an yi shiru, akwai hukumar ARCEP, wadda aikinta ne sa ido kan ingancin layi, ta kuma taɓa cin tarar kamfanoni a kansa. Abin da ya kamata a tuna mata shi ne, motar awon layi kan titi take bi, amma mai naƙuda da tsakar dare daga cikin ɗaki take neman a kira mata taimako.